Gurbi na Ashirin da Biyar

Motar Naryn ta sauke ni inda kwalta ta ƙare.
Sauran tafiyar a bayan doki, ni da jakata
da takardar ma'aikata mai gurbi ashirin da huɗu,
kowane gurbi da makinsa, ɗaya zuwa biyar.
An turo ni in auna Burulkan,
wadda ta fara riƙe alli
tun ban san damata da haguna ba.

Ajinta ɗaki guda ne. Murhun ƙarfe a tsakiya,
busasshen kashin tumaki yana ci a hankali.
Yara sha tara, dusar ƙanƙara tana narkewa daga takalmansu.
Na zauna a baya, gwiwoyina sun tokare benci.

Ta ce, "Tumaki bakwai, a raba wa 'yan'uwa biyu."
Sai ta yi shiru.
Na ƙirga numfashina har sha ɗaya.
A kwalejin horo an koya mana gudun irin wannan shirun,
alƙalamina har ya sunkuya kan maki biyu,
sai Tilek, ɗan mitsitsi mai fasassun leɓɓa,
ya ce, "A jira ta bakwai ɗin ta haihu."
Aji ya kece da dariya. Ita ba ta yi ba.
Ta rubuta maganarsa a allo, ta sa sunansa a ƙasa,
daga nan ta shiga lissafin rabi
kamar baƙuwar da aka riga aka yi wa shimfiɗa.

Na duba takardata sama da ƙasa.
Ga gurbin tsarin darasi, ga na kayan aiki,
har da na kyawun rubutu a allo.
Babu gurbin haƙurin jiran yaro.

Amma na ga wani abu kuma, gaskiya ba ta rabi:
duk tambayoyinta wajen taga suke sauka.
Yara shida na jikin bango, ta hagunta,
tun safe hannuwansu ke tashi suna kwantawa.
Aisuluu ta ɗaga sau huɗu.
A na biyar ta cusa hannun cikin aljihu.

Da yamma a gidanta, ga shayi da madara, ga gurasa mai zafi,
bakina ya yi nauyi.
Ina ɗan shekara ashirin da shida zai gyara wa
shekara talatin da ɗaya ta ƙurar alli?
Na dai faɗa, idona cikin kofi.

Ba ta tanka ba. Na sake ƙirgawa, sha ɗaya.
Sannan ta rufe idon dama da tafin hannu,
ta juyo gare ni.
"Ba na ganinka," in ji ta.
"Hunturu uku ke nan. Na zaci zare da allura kaɗai ya ƙwace mini.
Sufeto bakwai sun zo kafin kai.
Sun buɗe littafina, sun ci nama, sun sa hannu.
Ba wanda ya kalli inda ba na kallo."

Washegari muka ja teburinta zuwa jikin bango,
ƙafarsa ɗaya tana ɗingishi, muka tokare da guntun itace.
Yanzu duk ajin yana damanta.
Ta ce in bar mata kwafin takardar, wadda ban cike ba.
In ƙanƙara ta saki hanya, za ta haye kwari na gaba,
akwai wani sabon malami da ke kuka a ɓoye,
za ta zauna masa a baya, shi ma ya zo ya zauna mata.

Na ba ta huɗu a nan, uku a can, yadda doka ta ce.
A ƙasan shafi na zana wani gurbi da fensir,
na rasa sunan da zan ba shi, na bar shi haka.

Ina ɗaura wa doki sirdi na jiyo ta ta taga:
"Aisuluu, fito da hannun nan daga aljihu.
Tun jiya ake binki amsa huɗu."